Ƙarƙashin Jirgi na Ɗaya

Nafiou yana kwance rigingine a ƙarƙashin jirgin ruwan, 'yar guduma a hannunsa, yana ƙwanƙwasa cikinsa taki bayan taki. Daga hanci har zuwa tsakiya amon yana fita tar, kamar an buga cokali a jikin tangaran. Da ya iso inda za a ɗaura kil, wato ƙaton ƙarfen nan mai nauyi da ke hana jirgi kifewa idan iska ta cika ƙyallen da ke tafiyar da shi, sai amon ya mutu. Ya sake bugawa, bai ji komai ba sai wani bus. Ya matsa gefe kaɗan, nan ma haka, kamar kankanar da ta ruɓe ta ciki.

Ya ajiye gudumar a kan ƙirjinsa, ya zagi kansa ƙasa-ƙasa da Zabarmanci don kada Bahaushe ya ji.

Wata takwas ke nan jirgin yana zaune a kan katako a bakin shedar da suke aiki, a can cikin rumbunan masana'antu na Al Warsan a Dubai, inda ko warin teku ba ya zuwa. Shi ne na farko da suka ciro daga mul, wato ƙaton mazubin da ke fitar da siffar jirgi, shi ya sa Injiniya Kamal, Balaraben da ke da kamfanin, ya hana a sayar da shi, ya ce a bar shi masu saye su riƙa gani. Ɗan jirgi ne mai mita bakwai, da ɗaki guda, gado biyu da ɗan murhu. Shekara uku Injiniya ya yi yana zanensa, kuma duk wanda ya shigo sai ya ji labarin shekarun nan uku, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Yanzu wani likita ya nace har an sallama masa. Yau Asabar za a ɗaura kil, gobe da safe tirela ta zo ta ɗauka. A duk watannin nan takwas Nafiou bai taɓa kusantar gindin jirgin da guduma ba, domin ya san abin da zai ji.

Ranar da aka shimfiɗa wa wurin faiba, wato saƙar zaren gilashin da ake ƙera jikin jirgi da ita, shi yana dawowa daga sito da gwangwanin rezin, ruwan ƙaron da ke sandarar da faiba, sai ya hango Baba, surukinsa Malam Labaran, a cikin mul. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya: falle goma sha biyu na faiba ake sa wa gindin kil, ɗaya bayan ɗaya, kowane falle a jiƙa shi ya sha rezin, a bi shi da rola ta ƙarfe har iska ta fita tas, sannan a ɗora na gaba. Baba kuwa falle uku-uku yake ɗorawa a tare, ya kwarara rezin a sama, ya shafa da tafin hannu, yadda ya saba liƙe kwalekwale da tsumma da kwalta a bakin kogi a garinsu Gaya. Ta sama abin sai sheƙi yake. Nafiou ya san ta ciki a bushe yake.

Shi ne shugaban masu shimfiɗa faiba, chef suke ce masa. Ya sha kwance wa 'yan Bangaladash aikin yini guda a kan kumfar iska da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ya taɓa sa wani ɗan Filifin kuka. Amma ranar sai ya tsaya riƙe da gwangwani kamar an dasa shi, bakinsa ya yi nauyi. Malam Labaran ƙanin mahaifin matarsa Hannatou ne, shi ya riƙe ta tun tana yaye, shi ya ba Nafiou aurenta. Shekara bakwai da auren, Nafiou bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Da ya nema masa biza ya kawo shi Dubai, har ɗaki ya sauya a masauki don kada tsohon ya gan shi da ɗaurin ƙugu. Ta ina zai fara ce wa mutumin da ya yi shekara talatin yana sassaƙa jiragen ruwa, ba haka ake yi ba? Sai ya juya ya koma sito. Ya aiki Musbahu mai sito da saƙo, washegari kuma ya mayar da Baba ɓangaren goge-goge, ya ce wa ransa magana ta wuce.

Ya jawo jikinsa ya fito daga ƙarƙashin jirgin, ya nufi sito ko ƙurar bayansa bai kakkaɓe ba. Musbahu, Bakanon da ke riƙe da makullan sito, yana zaune a kan durom yana shan shayin karak.

"Chef, lafiya na ga ka sha mur da sassafe?"

"Saƙon da na ba ka wata takwas da suka wuce, me ka gaya wa Baba?"

"Wane saƙo kuma?"

"Na gindin kil. Na ce ka gaya masa falle ɗaya-ɗaya ake yi, kuma a bi da rola."

Musbahu ya kurɓi shayinsa, ya ɗan yi tunani. "Oho. Ai na gaya masa. Na ce, Baba, aikin nan na faiba ɗan a-hankali ne, shwaiya shwaiya. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka."

"Shi ke nan abin da ka ce?"

"To me kake so in ce? In tsaya a gaban sa'an ubana in ce ya yi shirme? Kai da kake chef ka kasa, sai ni mai tsaron gwangwani?"

 Nafiou ya dubi kofin shayin, ya dubi fuskar Musbahu mai maiƙo, ya ji kamar ya haɗa su wuri guda. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ɗan banzan bai yi ƙarya ba. Ya yi tsaki ya fita, ya bugo ƙofar siton har makullan da ke rataye suka zubo.

Injiniya Kamal ya iso ƙarfe goma, da farar riga da tabarau a saman kai, yana waya da mai tirela. Nafiou ya miƙa masa gudumar ya nuna masa ƙarƙashin jirgin. Injiniya ya kashe wayar, ya durƙusa da farar rigarsa. Bugu huɗu ya yi. Da ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja.

"Daga ina zuwa ina?"

"Duk faɗin wurin kusoshin kil, patron."

"Ka san nauyin ƙarfen da zai rataya a nan? Kilo ɗari huɗu. Likitan nan da matarsa da 'ya'yansa mata biyu a saman wurin nan za su kwanta. Igiyar ruwa ɗaya mai kyau, kil ya tafi da rabin cikin jirgin, ko addu'a ba za su gama ba." Ya jefar da gudumar a kan benci. "Falle goma sha biyu na zana. Na rubuta da Turanci, na rubuta da Larabci, na sa hoto saboda wanda bai iya karatu ba. Wa ya shimfiɗa?"

"Zan gyara. A gurje shi duka, a sake. Kwana huɗu."

"Gyara dole ne, ba shi na tambaye ka ba. Wa ya shimfiɗa?"

Nafiou ya kalli ƙasa. Can ƙarshen shedar yana jin ƙarar injin goge-goge, ya san ko waye ke riƙe da shi.

"Ba na riƙe mutumin da zai kashe mini jama'a, ya Nafi," in ji Injiniya. "Kafin ƙarfe huɗu ka kawo mini suna ofis. In babu suna, naka zan sa. Khalas, magana ta ƙare."

Ya wuce yana kiran likitan don ya ba shi haƙuri. Nafiou ya bi bayansa da harara. Mutumin da bai taɓa tsoma yatsa a rezin ba, bai san yadda faiba ke cin fata har cikin barci ba, ya zauna a cikin sanyin na'ura ya ja layi goma sha biyu a takarda, shi ke nan ya ƙera jirgi. Da ma a ce cewa ya yi a shafe da fenti a rufe, da Nafiou ya sami wanda zai yi wa fushi da hujja. Amma mutumin gaskiya ya faɗa daga farko har ƙarshe, kuma babu abin da ke ɗaga wa mai laifi hankali kamar wannan.

Lokacin cin abinci ya zagaya bayan sheda, inda ake jibge tsofaffin duromomi, ya kira gida Gaya. Hannatou ta ɗauka yara na ihu a bayanta. Ya yi mata bayani a taƙaice, ya ce yana so ta kira Baba ta gaya masa, cikin dabara, cewa aikin da ya yi a jirgin farko bai yi ba, don kada ya ji a bakin Balarabe.

Ta ce, "Baban Safi, ni ce zan ce wa Baba aikinsa bai yi ba? A kan jirgin ruwa?"

"Ke 'yarsa ce."

"Kai kuma kana tare da shi kullum. Me ya hana ka tun lokacin?"

"Kin san abin da ya hana ni."

"To abin da ya hana ka shi zai hana ni. Don Allah ka rufa masa asiri. Duk garin nan an san Dubai aka kira shi ƙera jirgi, har liman ya yi masa addu'a a masallaci. In aka koro shi da wannan sunan, ba zai ƙara zama a bakin kogi ba, ka san halinsa."

"Ni kuma in aka koro ni fa?"

"Kai yaro ne, za ka samu wani."

Ya katse wayar ba sallama, abin da bai taɓa yi mata ba. Kai yaro ne, wai. Shekararsa talatin da tara, gwiwoyinsa har sun fara ƙara saboda durƙuso a cikin mul, shekara goma sha ɗaya yana shaƙar rezin kafin a kira shi chef. Ya hamɓare wani durom da ƙafa, durom ɗin bai motsa ba, babban yatsansa ne ya ji a jikinsa. Yana tsaye yana ɗingishi ya yanke shawara: sunansa zai kai. Ba don kirki ba, shi kansa ya sani. Ya ga korar ta fi masa sauƙi a kan ya ɗaga ido ya kalli tsohon.

Bayan Azahar ya sa takunkumi da tabarau, ya ɗauki giranda, injin gurza, ya shiga cikin jirgin. Ya ɗaga katakon daɓen ɗakin, ya kafa wa wurin inji da duk haushin da ke cikinsa. Fatar sama mai sheƙi ta dare nan da nan. Ƙarƙashinta faiba ce fara fat, busasshiya, tana fitowa kamar audugar katifa. Ya sa yatsa biyu ya ja, falle guda ya biyo shi ba gardama. Farar ƙura ta cika ɗakin, ta manne a zufarsa, wuyansa ya fara ƙaiƙayi. Ya ci gaba da gurza har hannuwansa suka gaji.

Da ya kashe injin don ya huta, sai ya ga inuwa a ƙofar ɗakin. Baba ne ya hawo tsani, ya zauna a bakin matakala, hularsa ta saƙa a kansa, gemunsa ya ƙara fari da ƙurar goge-goge. Nafiou ya yi sauri ya cire takunkumi, ya sunkuyar da kai.

"Sannu da aiki," in ji Baba.

"Yauwa, Baba. Sannu."

Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki guntun faibar da ke kan gado, ya murza a yatsunsa, ta warware. Ya daɗe yana kallonta.

"Musbahu ya ce mini Balarabe yana neman suna. Wannan wurin ni na yi shi."

"Babu komai, Baba. Na riga na san abin da zan ce masa."

"Mene ne bai yi ba?"

"Babu komai. Abin ya wuce."

"Ina tambayarka, mene ne bai yi ba?"

Nafiou bai san lokacin da kansa ya ɗago ba. Ya ga idanun tsohon, karon farko a kusa haka, ƙanana ne, jajaye saboda ƙura. Maganar wata takwas ta ɓalle masa gaba ɗaya.

"Duka bai yi ba, Baba. Falle ɗaya-ɗaya ake sawa, ba uku ba. Ba a shafawa da hannu, rola ake bi. Faiba ba itace ba ce, ba ta kumbura a ruwa ta toshe kanta. In ba ta sha rezin ba, tsumma ce kawai. Wannan da kuke gani, da an sa shi a teku da mutane a ciki, da mun kashe su. Ga takarda nan manne a bango da hoto, kowa yana dubawa, ku ba ku duba ba, kuma ba ku tambayi kowa ba."

Muryarsa ta cika ɗan ɗakin. Ya ji injinan shedar sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi, amma fushin bai sauka ba.

Baba bai ce ya yi masa rashin kunya ba. Ya ajiye guntun faibar a kan gwiwarsa, ya daidaita ta da yatsa.

"Takardar na duba, idona ba ya ganin ƙananan layukan. Tambaya kuwa, ban so a ce surukin chef bai san aiki ba." Ya ɗan tsaya. "Amma ranar na gan ka. Kana tsaye da gwangwani a hannu, kana kallona. Ni kaina ban yarda da abin da nake yi ba, hannuna yana gaya mini cikin bai jiƙu ba. Na rage sauri, ina jira ka yi magana. Da na ga ka juya ka tafi, sai na ce to, ashe daidai ne. In da kuskure, yaron nan da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa ba zai bar ni ba."

Tsohon ya ci gaba.

"Shi ya sa da ka tafi konje, hutunka na gida, Ba'indiyen da ya riƙe maka wuri ya tambaya wa ya taɓa yin gindin kil, na ce ni. Na ce a gabanka na yi, ka gani, ba ka ce komai ba."

"Baba, kun sake yin wani?"

"Jirgi na uku da na huɗu. Yadda na yi wannan, haka na yi su."

 Na biyu da na biyar Nafiou da hannunsa ya yi su. Na uku da na huɗu kuwa, kafin ya dawo daga hutun wata biyu an ɗaura musu kil, an yi musu fenti, masu su sun ɗauka. Hotunansu kawai ya gani a bangon ofis, fararen ƙyallaye a buɗe, mutane suna ɗaga hannu.

Ya miƙe har kansa ya bugi rufin ɗakin. Baba ya matsa masa hanya. Ya sauka daga tsanin, ya ratsa shedar, ma'aikata suna binsa da ido, fari fat da ƙura tun daga gashi har takalmi. Bai ƙwanƙwasa ƙofar ofis ba.

Injiniya Kamal ya ɗago daga kwamfuta, ya dubi agogo. "Ka kawo sunan?"

"Sunana ne, patron. Na gani da idona, na yi shiru. Wannan a bar shi tukuna. Na uku da na huɗu, ina suke?"

 Injiniya ya cire tabarau daga saman kansa ya ajiye a hankali.

"Na uku yana kan tudu a marina, mai shi ya yi tafiya. Na huɗu..." Ya jawo wayarsa, ya nemo lambar, ya danna ya ajiye ta a kan tebur a buɗe.

Ta yi ƙara sau biyar kafin a ɗauka. Abin da ya fara shigowa ofishin hucin iska ne da ƙarar ruwa yana dukan jiki, sannan muryar wani mutum cike da murna.

"Kamal, habibi! Yanzu nake zancenka. Mun baro gaɓa tun safe, iska ta tashi sosai, jirgin nan naka ya kwanta a gefe yana gudu, ko gezau. Matata ta ce in gaya maka kai gwani ne. Wallahi ka iya zane."

Injiniya ya buɗe baki. Shekara uku yana jiran ya ji wannan maganar daga tsakiyar teku, ga ta ta zo, ya kasa ko amsa sallama. Ya dafe tebur da hannu biyu yana kallon wayar.

Nafiou ya waiwaya. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Nafiou ya jawo wayar gabansa, ya bar shatin fararen yatsu a kan teburin, ya sunkuya ya yi magana da Turancinsa na sheda, kalma ɗaya-ɗaya.

"Yallaɓai, sunana Nafiou, ni ne chef na masu faiba. Ka sauke ƙyallen yanzu. Kowa ya sa rigar ruwa. Ka tayar da inji, ka juyo a hankali, kuma kada ka kashe wayar nan."